Shekarar da Aka Sa wa Tumbin Kawu Ido

A cikin dukan halittun da Allah Ya shimfiɗa a bayan ƙasa, ban san wadda aka fi yi wa shari'a ba shaida kamar tumbin ɗan Adam ba. Wanda ake zargi da satar akuya akan jira a gan shi da igiya. Mai kisan kai ma akan kai shi gaban alƙali a ji ta bakinsa. Shi kuwa tumbi, da ya sawo kai zaure an gama yanke masa hukunci, tun mai shi bai cire takalmi ba.

Ɗana Abdu ne ya tuno mini da wannan. Ma'aikacin biro ne, wato ofis, a Damagaram, ya haura hamsin, kujera kuma ta yi masa abin da takan yi wa masu daɗewa a kanta. A bazarar bana lokotoro, wato likita, ya auna shi, ya ce jininsa ya hau, sai ya sauke kilo masu yawa in yana son ganin auren jikokinsa. Ya ƙayyade masa abin da zai ci a yini, da ma'aunin nan da suke kira kalori. Abdu ya bar tuwon dare, ya bar shayi mai sukari, ya koma cin ganye kamar wanda aka yi wa baki. Makonnin farko sikeli ya ɗan sauka, gida ya yi murna. Daga nan ya tsaya cik. Da suka zo mana hutu, matarsa ta shiga wurin mai ɗakina, ta sauke murya, ta ce ita fa tana zargin Alhajin nata yana tsayawa wurin mai tsire a hanyar biro. Hujjarta guda ce: wata biyu ke nan, ga shi nan yadda yake.

Mai ɗakina ta kawo mini maganar. Na san wannan hujjar. Na taɓa ganin an kai mutum gidan kaso da ita.

Zamanin Nasara ne. Ina saurayi, na gama lakwal, makarantar boko, a Magariya, ina jiran a kira ni aikin koyarwa, kiran kuma bai yi gaggawa ba. Sai na koma ƙauyenmu kusa da Dogo-Dogo, gidan ƙanen mahaifiyata, Kawu Laminu, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina. Shi da matarsa Inna Delu Allah bai ba su haihuwa ba, don haka mu uku ne a gidan.

Kawu mutum ne mai jiki. A garin Randa ake ce masa, kuma yana amsawa. Ƙibarsa ba ta dukiya ba ce, gonarsa ba ta fi ta kowa ba, akushinsa bai fi na kowa zurfi ba. Haka uwarsa take, haka aka haife shi. Wani yakan gaji gona, wani yakan gaji jaki, shi abin da ya gada ke nan.

A shekarun nan Nasara sun kafa dokar rumbun tsimi. Kowane gida zai ba da wani abu daga geron kakarsa, a sussuke, a zuba a ƙaton rumbun laka guda a bakin gari, don shekarar da ta ɓaci. A liƙe bakinsa da laka daga sama, gardi, wato dogarin Nasara, ya danna alama a kan lakar tun tana ɗanya. Ba a buɗewa sai da iznin kwamanda na Magariya. Ana kuma bukatar mai tsaro. Maigari ya dubi jama'arsa ɗaya bayan ɗaya, ya zaɓi Kawu, ya ce mutumin da ya riga ya ƙoshi haka ba zai yi kwaɗayin hatsin jama'a ba. Kowa ya yaba da hikimar. A lokacin rumbunan gida cike suke, hikima kuma ba ta da tsada.

Sai damina ta ɗauke, gero yana fid da kai. Abin da ya tsira, fara ta biyo ta yi masa sallama. Kafin tsakiyar rani mata sun fara jin ƙasan rumbu da hannu, kafin bazara kuwa ba a ma hawa.

Ban sake ganin bazara irin wannan ba, ko kuma yunwa ce ta ƙara mata wuta a tunanina. Tun hantsi yashi yake ƙona ƙafa ta cikin takalmi. Kaji su fake a gindin darni, baki buɗe, fiffike a sake. Guga ya tafi da nisa ya dawo da rabin laka. Sama ta yi fari fat, kullum da la'asar gajimare ya taru a gabas ya yi mana alkawari, kafin magariba ya watse bai ce komai ba.

Yinin gidanmu ga yadda yake tafiya. Da asuba Inna Delu ta bi mata daji neman anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai an jiƙa su kwanaki ana sauya ruwa kafin su yarda a ci su. In ba a samu ba, a sharo ƙarangiya a sussuke ta, a fitar da ɗan abin da ke cikinta, ƙaya kuma ta zauna a yatsu har mako. Mu maza mu tafi sharar gona da sanyin safiya, muna tara kara muna ƙonawa, aikin da a shekarar ƙoshi ake yi ana waƙa. Rana na ɗagawa kowa ya nemi inuwa ya kwanta, don kwanciya ba ta cin komai. Da azahar a dama farau-farau, ruwa ne da aka nuna wa gari daga nesa. Da yamma tuwon dusa, in akwai. Matan Filanin da ke rugar yamma da mu, waɗanda suka saba kawo nono su karɓi hatsi, suka daina zuwa. Su shanunsu sun ƙafe, mu kuma ba abin musaya.

Kowa ya rame. Ƙashin wuya ya fito, idanu suka faɗa, riguna suka koma kamar na aro. Kawu ma ya rame, ni da nake ganinsa kullum na sani. Kumatunsa sun zube, wuyansa ya saki, zoben azurfar da ya shekara ashirin bai fita daga yatsansa ba ya fara juyawa. Amma wanda ya shiga yunwa da jikin mutum biyu, in ta ci rabin mutum ɗaya, har yanzu ya fi kowa a dandali. Tumbin kuwa, shi ne ƙarshen abin da ke jin kira.

Sale wanzami ne ya fara furtawa. Ranar Juma'a ce da safe, yana yi wa Kawu aski a gindin tsamiya, mutane na zaune suna jiran layi. Ya kama ƙeyar Kawu da yatsu biyu, ya ɗan ja, kamar mai tayin rago.

"Randa, ita wannan yunwar ba ta san ƙofar gidanka ba ne?"

"Ta sani, Sale. Tabarma ɗaya muke kwana."

"To, lalle tana kwana da nisa."

Aka yi dariya, irin dariyar da ba ta kai ciki. Daga ranar kuma garin ya sami aikin yi.

Ban taɓa sanin muna da masoya haka ba. Mutane suka riƙa zuwa gaisuwa daidai lokacin da ake sauke tukunya. Tsofaffin mata suka riƙa zuwa ɗiban wuta, su wuce gidaje uku masu hayaƙi su zo namu, su tsuguna a murhu idonsu na cikin tukunya. In Inna Delu ta ɗaga taɓarya, sai maƙwabta su yi tsit, don kunnen mai jin yunwa yana bambanta dakan gero da dakan anza. Wata rana na tarar da wata dattijuwa ta kama kazarmu a bayan darni tana latsa maƙoƙonta, ko za ta ji ƙwaya. Da ta gan ni ta ce kazar ce ta yi kama da tata.

Ba su sami komai ba, kuma rashin samun ya zama babbar shaida. Aka ce ai mai wayo ba zai kai gida ba, can gindin rumbun yake gumbarsa shi kaɗai, tun da can yake yini.

Ni akushi ɗaya muke ci da shi. Na ga lomarsa ta ƙanƙance, na ga yana riga ni tsame hannu, ya ce ya ƙoshi, in ƙarasa. Nakan ƙarasa kuwa, in suɗe akushin. Amma ina suɗewa ina lissafi irin na ɗan lakwal: mutum mai wannan jiki ya ce ya ƙoshi da loma uku, to a ina ya fara? Zargi haka yake. In ka ci da yawa ya kama ka, in ka ci kaɗan ya fi kama ka.

Da magana ta yi yawa, maigari ya tara dattawa a zaurensa, ya sa aka kira ni, tun da ni ne mai karatun Nasara. Ya tambaye ni abin da littafi ya ce game da mutumin da ba ya ci kuma ba ya ramewa. Na gyara murya. Na ce mushe, malaminmu na lakwal, ya koya mana jikin mutum kamar kan jirgin ƙasa yake, abinci shi ne gawayinsa, ana auna ƙarfinsa da kalori, abin da jiki bai ƙona ba ya ajiye shi ya zama kitse, in abinci ya yi ƙaranci ya riƙa ɗiba daga ajiyar kaɗan-kaɗan. A zauren mutum biyu ne suka taɓa ganin jirgin ƙasa, a Kano, kuma ba su yarda ya yi kama da Kawu ba. Maigari ya ce kaɗan-kaɗan ɗin nan har yaushe. Na ce littafin bai faɗa ba.

Sale ya ce ba sai an wahalar da littafi ba, ai muna da ma'auni tun kaka da kakanni. Azumi wata guda ne, kuma duk Musulmin kirki yakan fito daga cikinsa wuya ya yi tsawo. Mu ga shi mun yi azumi uku a jere ba sahur ba buɗa-baki. Duk wanda bai rame ba, a tambayi inda yake sahur.

Wannan magana ta zauna wa dattawa daram, don ta haɗa addini da lissafi. Ba wanda ya tuna cewa masu fitowa daga azumi a rame dama can ba su shiga da wani abin kirki ba. Maigari ya yanke: a ba Laminu wata guda, kwatankwacin azumi ɗaya. In ya koma kamar sauran mutane, an wanke shi. In bai koma ba, za a aika Magariya.

Da na kai wa Kawu saƙon, ya daɗe yana duban cikinsa, kamar mai duban ɗan da ya jawo masa magana. Sannan ya ce to.

Ina jin shi ne mutum na farko a ƙasarmu ta Dungas da ya rage cin abinci da gangan don ya rame, kuma ya yi haka ne a shekarar da babu abincin. Ya bar tuwon dusa, ya tsaya a farau-farau sau ɗaya a yini. Inna Delu ta yi faɗa, ta yi roƙo, ta yi kuka a madafa, ya ce mata sunan gidansu ya fi tuwo.

Ana cikin haka ruwa ya sauka. Iska ta fara zuwa da ƙanshin ƙasa, sannan aka ji shi a kan jinka kamar ana watsa tsakuwa, yara suka fita tsirara suna buɗe baki. Washegari duk garin yana gona, maza da sungumi a gaba suna sara, mata da yara a baya suna jefa ɗan irin da aka ɓoye wa ciki suna takewa da diddige. Ciyawa ta riga gero tashi, kamar kullum. Tafasa ta fito, aka sami abin kwaɗo, cikin mutane ya riƙa kuka da sabon harshe.

Noman farko da gayya ake yi, yau gonar wannan gobe ta wancan, sai dai gayyar bana ba fura ba kiɗa. Kawu bai bar ko ɗaya ta wuce shi ba. Yana ganin in ya yi gumi a gaban jama'a za a ga yana narkewa. Yakan ɗauki kunya ta tsakiya, inda kowa zai gan shi, ya duƙa da fartanya yana huci, gumi na zuba ta haɓarsa. A gayyar gonar liman ya miƙe don ya share fuska, sai ya tafi gaba ɗaya kamar an sare kuka. Mutum huɗu suka kai shi inuwa da ƙyar, kuma na ji ɗaya daga cikinsu yana cewa wannan nauyin ba na farau-farau ba ne.

Bayan faɗuwar nan ƙafafunsa suka kumbura, fuskarsa ta yi sumul. Kowace tsohuwa a garin ta san kumburin yunwa, ta gan shi a jikin yara, ta san in ka danna da yatsa ramin yakan zauna. Amma a jikin Kawu ba wanda ya danna. Aka ce ya ƙara ƙiba.

Ranar da wata ya cika, Inna Delu ta yi abin da ban taɓa jin wata mace ta yi ba. Ta zare zariyar wandon mijinta, ta naɗe a tsumma, ta ce in kai zauren maigari. A jikin zariyar akwai baƙin wurin da ƙulli ya shekara yana zama, akwai kuma sabon wurin da yake zama yanzu, tsakaninsu ya fi kamu guda.

"Ka ce su auna," in ji ta. "In kunya ce, na riga na sha tawa. Saura tasu."

Na shimfiɗa zariyar a gaban dattawa. Liman ya kawar da kai. Maigari ya sa yatsa ya auna, ya sake aunawa, na ga kamar maganar za ta mutu a nan. Sai Sale ya ce shi bai musa ba, zariya ce, kuma doguwa ce. Sai dai shi bai san wandon da aka zare ta ba, kuma toka da man gyaɗa suna sa sabon zare ya tsufa a yini ɗaya. Mutum dai ga shi can a gindin rumbu, kowa ya je ya gani da idonsa, ba sai an aiko da igiya ba.

Aka aika Magariya. Dama an aika har sau biyu ana roƙon a buɗe rumbun don mutane su ci, aka ce kwamanda yana rangadi. Da aka ce ana zargin sata, cikin mako gardi biyu suka iso.

Duk garin ya taru. Aka kafa tsani, gardi ɗaya ya hau, ya duba alamar da ke kan laka, ya ce tana nan yadda aka danna ta. Na ji Kawu ya sauke numfashi. Aka fasa lakar, gardin ya leƙa, ya daɗe yana leƙe, sannan ya nemi a miƙo masa gora. Ya zura ta, ta tafi, ta tafi, kafin ta taɓa hatsi. Rumbun da aka cika har wuya bai kai rabi ba.

Ba a yi ihu ba. Wani irin numfashi jama'a suka saki, kusan na jin daɗi, irin na wanda aka tabbatar masa bai yi zunubin zato a banza ba. Batun alama kuwa, aka ce mai yini a gindin rumbu yana da lokacin koyon zane.

Igiyar da gardi suka zo da ita ba ta zagaye ƙugunsa ba, sai da aka ƙara da ta jaki. Kawu bai yi rantsuwa ba, bai yi gardama ba. Ya dube ni ya ce, "Ka kula da gonar. Maimai ya kusa, kar ciyawa ta rufe ta." Suka sa shi gaba a ƙasa, su a kan dawaki, ƙafafunsa na barin rami a jiƙaƙƙen yashi.

Aka raba abin da ya saura, gida-gida, har da namu, don maigari mutum ne mai adalci. Shi ya kai mu har tumu. Ranar da aka gasa zangarniyar farko na murza a tafin hannu na hura, na watsa a baki da zafinta, na ji daɗin da har yau ban sami abin kwatanta shi ba. Inna Delu ta ƙi ci.

Kawu ya yi sauran damina da kaka a gidan kaso, ana fita da su aikin hanya. Ya dawo ana sussuka. Ban gane shi daga nesa ba. Fatar damtsensa tana lilo, ta cikinsa ta ninku kamar buhun da aka zazzage, yana tafiya yana tsayawa. Kusan shekara ke nan yunwa ta gaske tana aiki a kansa, aikin Nasara ya taya ta, kuma duk da haka ya fi Sale kauri. Mutane suka zo barka da dawowa, suka dube shi sama da ƙasa, suka fita suna cewa ka gani, da aka raba shi da rumbu ai ga shi ya rame.

Wannan ne abin da na ce mai ɗakina ta gaya wa matar Abdu, a taƙaice: jikin da ya shekara ashirin yana taruwa a kan kujera ba ya watsewa a wata biyu, kuma hanyar da na ga ta fi sauri ba zan so wa maƙiyina ita ba. Ta bar shi da ganyensa da lokotoronsa, a sake magana baɗi war haka. Ko yana tsayawa wurin mai tsire, Allah ne masani. Ni ma ranar da suka iso na ga kamar yaji a bakin hannun rigarsa, amma idona ba na da ba ne, kuma na daɗe da daina ba da shaida a kan ciki.

Kwanaki kaɗan bayan dawowar Kawu aka tashi sake cika rumbun da geron sabuwar kaka. Aka sa magini ya shiga ya share ƙasansa ya yi masa yaɓe. Yana shara sai tsintsiyarsa ta kama wani tsumma. Ya ja, haske ya shigo daga ƙasa. Ya aika a kira maigari, maigari ya zo da jama'a a bayansa.

Huda ce mai faɗin bakin ludayi, an yi ta daga waje, gefenta ya yi santsi don yawan buɗewa da toshewa. Rumbun a kan gungumen itace yake zaune saboda gara, tsakaninsa da ƙasa bai kai kamu ɗaya ba. Duk mai son kaiwa ga hudar sai ya kwanta rigingine ya ja jiki ya shige har tsakiya. Mutane suka tsuguna ɗaya bayan ɗaya suna leƙawa, suna miƙewa suna kakkaɓe gwiwa, ba wanda ya dubi fuskar ɗan'uwansa.

A shekarar nan, babba da yaro, mace da namiji, babu wanda ba zai iya shiga ƙarƙashin rumbun nan ba a garinmu, sai Kawu Laminu.